Kyanwar da Na Kai Ingila

Bari in faɗa tun yanzu kafin wani ya riga ni: a wannan labari akwai wawa guda ɗaya, kuma shi ne yake rubuta shi. Na shafe wata bakwai ina neman wanda zan naɗa wa wannan rawani, na nema a Ingila, na dawo na nema a Minna, ban samu kan da ya zauna wa daidai kamar nawa ba. Amma kada kowa ya ɗauka na huce. Ban huce ba. Wawa ma yana da haƙƙin yin fushi, kuma nawa har yau da zafinsa.

Sunana Sule. A unguwarmu Kpakungu, nan cikin Minna, ana ce mini Baba Reluwe, domin shekara talatin da biyu na yi ina bin layin dogo da guduma ina ƙwanƙwasa ƙarfe. Karatuna ya tsaya a aji huɗu na firamare, saboda haka duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya je ya tuhumi malamin aji biyar da bai same ni ba.

'Yata Hajara nas ce. Ta samu aiki a Ingila ta tafi da 'yarta Nana, mai shekara bakwai, wadda nake kira amaryata ita kuma tana ce mini angona. Nana ba kamar sauran yara take ba. Likitoci suna da wani dogon suna da suke kiran abin da shi. Ni dai abin da na sani, in mutum goma suka yi mata magana da ƙyar take amsa wa ɗaya, kuma ba ta kallon idon kowa. Amma tana da kyanwa, Ladidi, baƙa mai farin wuya, da ita take hira kamar tsofaffin mata biyu a gidan biki. Da suka tafi aka bar mini Ladidi. Ba a yi wata biyu ba Hajara ta kira ni tana kuka, wai yarinya ta daina cin abinci, a makaranta ƙarƙashin tebur take shiga ta ƙi fitowa. Aka yanke shawara in je in zauna musu wata shida, in tafi da kyanwar. Sa'o'ina sun tafi Kurmi neman kuɗi, wasu sun tafi Sudan neman ilimi. Ni da furfurata na tafi Ingila dakon mage.

Kafin kyanwa ta shiga ƙasar nan sai ta yi takardun da ko ni ban yi ba. Wadda ta yi mana aikin ita ce Dokta Rifkatu, mai asibitin dabbobi a unguwar Tunga, 'yar marigayi Yohanna abokin aikina na reluwe. A gabana aka yaye ta. Ta ɗauko wata 'yar ƙwaya kamar ta shinkafa, ta tura ta da allura ƙarƙashin fatar Ladidi, tsakanin kafaɗu. Ta ce akwai lamba a ciki, in an goga wata na'ura mai kama da rimot a wurin sai lambar ta fito. Ta goga, na'ura ta yi ƙara, lamba ta fito, na gani da idona. Wannan lamba ita ce sunan Ladidi a wurin hukuma. Allurar haukan kare da aka yi mata, da jinin da aka ɗiba aka aika gwaji, da wata ukun da muka jira, duk a kan lambar aka rubuta su.

Ba zan ɓata takarda a kan jirgi ba. An ba ni abinci a kwali, na ci burodin na mayar musu da sauran. Ladidi tana can ƙasa tare da akwatuna. Mun sauka da safe, sama ta yi kalar ruwan wanki. Hajara da Nana suka tare ni. Nana ba ta gaishe ni ba, ta leƙa bayana ta ce, "Angona, ina take?" Na ce tana can tana gaisawa da hukuma.

Dabbobi ba ta ƙofar mutane suke fitowa ba. Akwai wani gini daban a bayan filin jirgin, muka shiga tasi muka je, muka zauna a benci awa uku. Wani Bature ya zo ya karɓi karensa, kare ya lashe masa fuska, na kawar da kai. Wata ta karɓi zomo. Nana tana rungume da wani kwanon roba da ta zaɓo wa Ladidi da kanta. Sai wata mata mai shuɗiyar riga ta fito ta kira sunana, ta karya shi gida biyu. Turancina na tasha ne, ya ishe ni in tambayi hanya in kuma yi faɗa, amma bai kamo na matar nan ba, Hajara ce take juya mini. Wai sun goga na'ura, ba ta yi ƙara ba. Sun ɗauko ta biyu, sun ɗauko ta uku, sun bi wuya, sun bi baya da ƙafafu har wutsiya. Shiru.

Na ce to sai me? Ga kyanwa, ga takarda, ga yarinyar da ta san ta. Su buɗe ƙofa su ga wurin wa za ta ruga. Matar ta ce ita a ranta ta yarda da ni, amma doka ba ta san baƙar kyanwa mai farin wuya ba, lamba ta sani. In ba a karanta lamba ba, babu mai iya rantsuwa cewa wannan ce aka yi wa allurar. Ta ɗaga yatsu uku. Ko a mayar da ita Najeriya, ko a killace ta wata huɗu a sake komai daga farko. Na ukun Hajara ba ta juya mini ba, ta dai sa hannu ta toshe wa Nana kunnuwa. Na gane.

A nan na miƙe tsaye. Na tuna wa matar cewa kakanninta sun shigo ƙasarmu da karnukansu babu wanda ya goga musu rimot. Na ce layin dogon da suka shimfiɗa suka tafi suka bari, ni na riƙe musu shi shekara talatin da biyu cikin rana da ruwa, yau sakayyata ke nan. Na ce wace irin ƙasa ce za ta yarda da ƙwayar shinkafa ta ƙaryata dattijo. Na umarci Hajara ta juya mata duka, kada ta rage ko harafi. Hajara ta juya ta ce wa matar wai babanta ya gaji da tafiya. Wannan kam na ji shi da Turancina na tasha.

Nana ba ta yi kuka ba. Ta tura kwanon ƙarƙashin benci, ta kwanta a ƙasa rub da ciki, ta ƙi motsi. Hajara ta sa hannu a takardar killacewa, sannan muka ɗauki yarinya kamar buhu muka sa a tasi.

Gidan killacewar yana can bayan gari cikin gonaki, daga gidan Hajara sai an hau jirgin ƙasa da bas biyu. Jirgin nasu, in faɗi gaskiya, yana zuwa a kan lokaci, abin da ya ƙara ba ni haushi. A mako na biyu likitar wurin, wata dattijuwa mai guntun gashi, ta kira mu ofis ta nuna mana hoton ƙashin Ladidi. Ga ƙwayar nan fara fes. Ba ta faɗi ba, ta dai sauko daga kafaɗa zuwa gefen haƙarƙari. Tana nan, amma ta mutu. Na ce a yanka a ciro ta a karanta. Ta ce babu tabbas ko masu yin ta za su iya karantawa, kuma ita ba za ta yanka lafiyayyar dabba a kan wataƙila ba. Ta riga ta sa sabuwa, ta sake allura, sai jira.

Na tambayi abin da ya kawo ni: laifin wa? Ta ce ta rubuta wa kamfanin da ya yi ƙwayar rahoto, za su ba da sabuwa kyauta. Ka ji fa. Gidanka ya ƙone, mai ashana ya aiko maka da sabon kwali. Masu jirgi kuma sun ce su akwati aka ba su, akwati suka kawo. Likitan da ya sa ƙwaya ba shi da laifi in ya sa ta daidai ya kuma gwada ta a ranar. To ashe babu mai laifi, aljani ne ya kulle Ladidi.

Sai likitar ta ce abu ɗaya ne yake ɗaure mata kai. Irin wannan ƙwaya wani lokaci ba rana ɗaya take mutuwa ba, takan fara gardama, yau ta amsa gobe ta ƙi. Shi ya sa ake sake gogawa ranar da za a sa hannu a takardar tafiya. In an ga tana gardama, aka lallaɓa ta amsa ko sau ɗaya, sai a sa sabuwa a rubuta lambobin biyu a takarda, dabba ta wuce abinta. In kuma ta mutu gaba ɗaya, aƙalla an sani tun a gida, kyanwa ta yi jiranta a tsakar gidansu maimakon keji. Ta juyo takardarmu ta nuna layin da Dokta Rifkatu ta sa hannu cewa ta goga ta karanta, kwana takwas kafin mu tashi. Ta dube ni ta saman tabarau ta tambaya ko a gabana aka goga.

Na ce a gabana.

To, ga abin da ya faru a ranar. Sau huɗu na ɗauki Ladidi a kwando daga Kpakungu zuwa Tunga a keke. A zuwa na biyu ta yi mini fitsari a babbar riga. A na uku 'yan majalisarmu ta bakin masallaci suka gan ni, daga ranar na zama Direban Ladidi. Har mai shayi in na zauna sai ya tambaye ni ko Hajiya ta tashi lafiya. Ranar sa hannu na dubi kwando, na leƙa titi na ga majalisa ta cika maƙil, na ce yau kam ba da ni ba. Na naɗe takarda na sa a aljihu na tafi ni kaɗai. Rifkatu ta ce sai na koma na ɗauko kyanwar. Na yi mata magana irin ta manya. Ta buɗe fayil, ta kwafi lambar, ta sa hannu, ba ta ko ce mini sai an jima ba. A garinmu dattijo ba ya zuwa wurin 'yar abokinsa a kore shi ya koma gida ɗauko mage. Na fito ina yaba wa kaina, wai na iya zama da mutane.

Ban gaya wa Hajara ba. Maimakon haka na ƙara murya. A bas, a gida, a waya da mutanen Minna, zancena ɗaya ne: likitocin zamani yara ne aka rataya wa farar riga. Nana ta tambaye ni wa ya sa aka kulle Ladidi, na ce Dokta ce ba ta yi aikinta ba. Da Hajara ta ɗauko takarda za ta rubuta ƙara, domin irin wannan sa hannu yana iya cin lasisin mutum, sai ga ni na koma mai wa'azi. A bar ta da Allah, marainiya ce, ubanta mutumin kirki ne. Hajara ta ajiye biro ta daɗe tana kallona. Uwarta ma haka take yi, Allah ya jiƙanta.

A masallacin Juma'a na haɗu da wani ɗan ƙasarmu mai jar dara. Ya ji Hausa a bakina ya rungume ni kamar tare aka yi mana kaciya. Na ba shi labari, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, ya san wani da ya san wani a ofishin, kwana uku Ladidi tana gida. Sau uku ya zo gidanmu, ya gama da kuka da daddawar da na taho da su, ya karɓi ɗan guzurin da na ɓoye a aljihun ciki wai na shan ruwan mutanen ofis. Har yau yana kan hanya. In wannan rubutu ya kai gare shi, ina gaishe shi, kuma ina jiran sa a inda babu wanda ya san wani.

Kowace Asabar muke zuwa ganin Ladidi. Nana ta zauna a ƙasan siminti, kyanwa a cinyarta, suna ƙus-ƙus. In lokaci ya cika sai an ɓanɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. A jirgin komawa ba ta zama kusa da ni. Ta daina ce mini angona, ba ta kuma sa mini wani suna ba. Wuyanta ya yi tsawo, rigar makarantar ta yi mata yawa. Hajara ta ƙara wa kanta kwanakin aiki don ɗawainiyar kejin, in ta dawo ƙafafunta a kumbure.

Mutum ɗaya ne ya hana ni zagin ƙasar baki ɗaya, shi ma ba ɗan ƙasar ba ne. Alhassan, mai wanke ɗakunan dabbobin, mutumin Tamale. Hausarsa ta zango ce, irin wadda mace da namiji duk ɗaya ne. Da ya hango ni sai ya ce, "Baba, kada ka damu, Ladidi ya ci abinci yau." Shi ya ce a kawo tsohuwar rigar Nana ya shimfiɗa wa kyanwar ta riƙa jin ƙanshinta. Shi yake yin kamar bai ga agogo ba in lokacinmu ya cika. Ya ga yatsuna sun ƙage da sanyi, ya cire safar hannunsa ya ba ni, ya haɗa mini shayi a kofinsa. Shayin ba daɗi, amma na sha har ƙasa.

Na yi kewar ranar Minna, wadda na shekara saba'in ina tsine wa. Na yi kewar sakwara ta sabuwar doya, da hayaniyar 'yan keke a shataletalen Kpakungu, har da majalisar da ta sa mini suna. Maƙwabcin Hajara wata shida ina yi masa barka da asuba yana amsa mini da gira.

Da wata huɗu suka cika aka goga na'ura a gabanmu, ta yi ƙara, lamba ta fito. Ladidi ta yi ƙiba kamar matar ɗan kwangila, amma in an buɗe ƙofa da ƙarfi sai ta ruga ƙarƙashin gado. Nana ta fara cin abinci. Sai dai ita yarinya ce da ba ta ajiye magana. Abin da ka gaya mata, yadda ka faɗe shi haka yake zaune a kanta. Kullum sai ta tambayi uwarta ko Dokta ta ba Ladidi haƙuri. Ranar da zan dawo, a filin jirgi, ta kama hannun rigata ta dubi fuskata, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ka ce mata ta kira," in ji ta. "Wanda ya yi laifi shi yake ba da haƙuri. Haka aka ce a makaranta."

Na yi mata alkawari.

A cikin jirgi na zauna na yi shari'ar da kaina, kafin mu sauka Abuja na wanke kaina tas. Wa ya yi jami'a, ni ko ita? Hannun wa ke kan takarda? Ni tsoho ne mai aji huɗu, in na ce a yi ba daidai ba, aikin mai ilimi ne ya hana ni. Kwana biyu da dawowata na sa babbar riga, na hau keke sai Tunga.

Na tarar da sabuwar sanarwa a bango, da manyan baƙaƙe, wai ba a sa hannu a kowace takarda sai dabba tana kan tebur. A benci akwai wata mata da karenta, da wani mutum riƙe da rago mai kumburarriyar ƙafa. Na ji daɗi da na samu shaidu. Rifkatu tana wanke hannu a famfo, ta rusuna ta ce, "Baba, sannu da hanya." Na fara zayyana mata tun daga bencin da muka yi awa uku a kai a Ingila, na bi ta kan yatsu ukun matar nan, da kejin, da wuyan Nana, da ƙafafun Hajara, har mai jar dara na ɗora mata. Mai rago yana gyaɗa kai.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ba ta musu, laifinta ne, hannunta ne a takardar. Ta ce likitar can ta rubuto mata tana tambayar ranar da ta goga ƙwayar, ita kuma ta amsa mata da gaskiya cewa ba ta goga ba, yanzu tana jiran abin da zai biyo baya, ko gargaɗi ko abin da ya fi shi. Ta ce tun ranar da Hajara ta kira ta ba ta sake sa hannu a kan abin da idonta bai gani ba.

Mai hankali a nan zai nemi kujera ya zauna. Ni sai na ƙara gyara hula. Na ce wannan duk bayan ɓarna ne. Na ce likita na gaske ba ya sa hannu don tsoho ya ɗaga murya, da ta san aikinta da ta ƙi, ko da zan kwana a ƙofarta. Na zaro waya na ɗora a kan tebur, na ce akwai yarinya tana jira, ta kira ta yanzu a gabana ta ba ta haƙuri, ta gaya mata da bakinta wa ya kulle mata kyanwa.

Ta goge hannunta da tawul a hankali, ta ɗauki wayar ta miƙo mini.

"Kira ta, Baba. Zan ba ta haƙuri, nawa ba zan ɓoye ba. Zan ce mata sau uku na ƙi. Sai in miƙo maka wayar, kai kuma ka gaya mata abin da ka ce a na huɗu, cewa a kafaɗarka aka ɗauki akwatin gawar babana daga coci har kabari, yau 'yarsa tana korar ka saboda mage. Za ka danna, ko in danna maka?"